Goyon Macijin Kafili

Mu huɗu ne a ɗakin ranar. Ni, da ɗana na fari, da matarsa mai tsohon ciki, sai maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, wata bazawara 'yar Cadi da ruwa ya koro daga ɗakinta, ta hawo mana da katifa a ka. In za a lissafa duk mai numfashi, sai a ƙara macizai biyu da ke kwance cikin akwatunan gilashi a jikin bango. Su ne ma manyan gidan a ranar, mu duka barorinsu ne.

Ba namu ba ne. Na kafilin ɗana ne, wato ubangidan da takardar zamansa a Saudiyya ke hannunsa, wani attajiri a unguwar Ruwais da yaron ke ja wa mota. Mutumin ya yi tafiya ƙasar waje, matarsa ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da su ba in ba ya nan, shi ne aka loda su a mota aka kawo unguwarmu Mahjar a nan Jidda, ɗakinmu na haya, ciki da falo, a saman wani tsohon gida. Ba wanda ya shawarce ni. Na dawo daga kasuwa na tarar an ture akwatin kayana gefe, an jera nasu daidai inda nake shimfiɗa dardumata, kowanne da fitilarsa mai zafi a bisa kai, dare da rana tana ci.

Na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ya ce, "Amana ce, Ummi. Kwana kaɗan ne."

Na ce, "A garinmu in an ga irin wannan amanar, sanda ake ɗauka."

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Amma na bar su, don na san abin da ke rataye a wuyansa. Iƙamarsa, takardar zaman nan, saura kaɗan ta mutu. Kafilin ya ce masa in ya dawo za a sabunta, sannan ya dafa masa kafaɗa ya ce ya kula masa da 'ya'yansa. Haka ya kira su, 'ya'yansa. Ɗana a Jidda aka yanke masa cibiya, bai taɓa taka Damagaram ba, amma ranar da takardar nan ta mutu kafili ya ƙi sa hannu, jirgi ne zai kwashe shi da matarsa zuwa ƙasar da ko ƙofar gidan kakansa bai sani ba. Ni tawa takardar tana hannun wata tsohuwa da na daɗe ina yi wa wanki, ba ta haɗu da tasa ba. In an fitar da shi, ni kaɗai zan rage a ɗakin.

Dukansu jinsin mesa ne, ba su da dafi, in ji shi, sai ka ce hakan zai sa in so su. Babban baƙi-baƙi ne mai zane, kaurinsa ya kai damtsen ƙato. Ƙaramin bai fi tsawon muciya ba, fari da rawaya kamar wainar ƙwai, idanunsa jajir. Shi ne ɗan gaban goshin kafilin, daga wata ƙasa mai nisa aka kawo masa shi. Ana gobe za a yi ruwan, yaron ya ba su abincinsu, wasu fararen ɓeraye matattu da aka haɗo shi da su cikin kular ƙanƙara. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ƙaramin ya haɗiye nasa tun daga kai, ƙullin ya tsaya masa a tsakiyar jiki. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Ruwan ya sauko da hantsi. Jidda ba ta saba da ruwa ba, in ya zo sai ya rasa inda zai bi, ya bi ta ɗakunan talakawa. Kafin azahar layinmu ya zama kogi, ledoji da takalma da ƙazantar bayan gida duk suna yawo a kai. Sai wutar lantarki ta ɗauke. Ni ko a jikina, lokacin sanyi ne, ba mai bukatar fanka. Amma na ga yaron ya zabura kamar an tsikare shi, ya je ya tsaya kan akwatunan yana kallon fitilun da suka mutu.

Ya ce, "Kahraba. Ya Rabbi, kahraba." Wutar lantarkin yake nufi.

Bayan ruwan wata iska ta taso daga arewa, tana shigowa ta tagar da marfinta ya daɗe da karyewa. Bango ya jiƙe, rufi yana ɗiga a kusurwa. Ya sa hannu a akwatin ƙaramin, ya fito da hannun, ya juyo gare ni da Hausarsa da ke tafiya tana tuntuɓe da Larabci.

"Ummi, sun ci jiya. In suka yi sanyi abincin ba ya narkewa, zai ruɓe a cikinsu. Halas, shi ke nan, su mutu."

Na ce, "Wannan ne sanyi? Sanyin da ko ɗan yaye a garinmu ba zai nemi riga ba?"

"Su ba 'yan garinku ba ne."

Da farko ruwa muka riƙa dafawa, yana cika kwalabe yana naɗe su da tsumma yana jerawa a gefen akwatunan. Matarsa ce ke dafawa, ni ina riƙe da mazurari, don ban yarda ta matsa kusa da gilashin ba. Ana cikin haka tukunyar gas ta ƙare. Ya tattare riga ya sauka, ya shiga ruwan nan har ƙugu yana neman inda zai samo wata, ya dawo hannu biyu, jikinsa na wari, duk shagunan a rufe. 'Yar Cadi ta ce tana da kasko, amma gawayinta na can ƙasa yana iyo. Ya ce ko da busasshe ne hayaƙi zai kashe su. Motar kafili tana Ruwais, hanya kuma ba ta biyuwa.

Ya buga wa wani abokinsa mai sayar da tsuntsaye a kasuwar Balad, suka yi ta Larabci da sauri. Da ya kashe wayar sai ya zare rigunan matasan kai guda biyu, ya zura kowane maciji a cikin ɗaya ya ƙulle bakin. Ya ce abin da ya rage shi ne ɗumin jikin mutum. Shi zai ɗauki babban a cikinsa ya lulluɓa da bargo. Ba a haɗa su wuri ɗaya, babban zai danne ƙaramin. Ana bukatar jiki na biyu.

Ya dubi matarsa. Na shiga tsakaninsu tun kafin ya buɗe baki.

Na ce, "Ko kallonsa ban yarda ta yi ba, balle ta ɗora shi kan cikin nan. So kake a haifo mana abin da ba a iya nuna wa mutane?"

Yarinyar ta ce, "Inna, in dai a cinya ne..."

Na ce, "Ke rufe mini baki, koma can ki zauna."

Ya juya ga 'yar Cadi ya ce, "Hala, don Allah." Haka Larabawa ke kiran ƙanwar uwa.

Ta ja da baya tana tafa hannu. "A'a ɗan nan, ni na yi zaman aure da maciji shekara da shekaru, na samu ya sake ni da kyar. Ba na komawa."

Saura ni. Ya tsaya a gabana da ƙullin a hannu, abin yana motsi a hankali a ciki. Na ce masa ba zan taɓa ba, ya mayar da shi akwatinsa, in Allah ya yi zai rayu zai rayu. Sai ya faɗi maganar da har yau in na tuna ta ƙirjina ke zafi.

Ya ce, "Ummi, na taɓa roƙonki wani abu? Ni ba ki ɗauke ni ba ina ƙarami. Ko sunana ba kya faɗa. To ki ɗaukar mini wannan."

A gaban matarsa, a gaban baƙuwa. Ɗan fari ne. Mu yadda muka tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yawo da shi a baya kamar ta samu abin nunawa. Uwar mijina, wadda muka zo aikin hajji tare muka zauna, ita ta goya shi har ya yi ƙafa, ni nono kawai nake ba shi in miƙa mata. Kunya ce, kuma duk wanda ya san gida ya san kunyar nan ta fi rungumar da ake yi a titi nauyi. Amma shi ya tashi cikin 'ya'yan Larabawa, yana ganin ana kiran uwa da sunan ɗanta na fari tana amsawa da fara'a, ana sumbatar ƙato mai gemu a goshi. Ashe duk shekarun nan a ransa ƙi ne. Ban yi masa bayani ba. Uwa ba ta tsayawa tana wanke kanta a gaban abin da ta haifa.

Na ce, "Kawo."

Ya nuna mini cikinsa yana cewa in ɗora a nan, ƙarƙashin riga, in riƙe shwayya-shwayya, wato a hankali, kada in matsa. Na ce Allah ya kiyaye, cikin da ya ɗauki 'yan Adam ba zai ɗauki wannan ba, kuma ba zan zauna ina kallonsa yana motsi a gabana ba. In ɗauka ce, wuri ɗaya na sani. Na sunkuya na ce wa 'yar Cadi ta aza mini shi a baya. Ta ɗauko ƙullin da 'yan yatsu biyu tana salati, ta sake shi tsakanin kafaɗuna. Na ja zane na rufe, na ɗaure a ƙirji, na kawo majanyi na tallafe ƙasan.

Sanyinsa ya ratsa rigar matashin ya taɓa ni, kamar an ɗora mini ɗanyen kifi. Ya warware, ya sake naɗewa, ya lafe a ramin bayana. Tsigar jikina duk ta tashi. Na ciji leɓe na miƙe.

'Yar Cadi ta zauna kan katifarta ta dube ni sama da ƙasa. "Barka, Hajiya. Ashe an sauka lafiya ba mu ji ba. Yaushe suna?"

Na harare ta.

"Rago za a yanka ko ɓera? Wallahi ya yi kyau, fari tas. Dangin uban ya ɗebo."

Yarinyar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa yana zaune a kusurwa, ya ƙudundune cikin bargo da nasa a ciki, ya fi matarsa tsohon ciki. Ko murmushi bai yi ba.

Ni ban iya zama da goyo ba, ban taɓa iyawa ba. Na ɗauki tsumma na shiga tsane ruwan da ke ɗiga, ina matsewa a bokiti. Sau biyu yana ce mini, "Ummi, zauna, kada ki girgiza shi." Na ce in na zauna wa zai kwashe ruwan, kafilin? Can na ji 'yar Cadi ta sake fashewa da dariya, ashe hannuna ne ya koma baya da kansa yana bubbuga goyon, ƙafata tana jijjiga. Hannu bai san abin da ke cikin zane ba. Na janye shi na riƙe da ɗayan.

Wajen la'asar sakaliya wayar yaron ta yi ƙara. Kafilin ne daga can inda yake, ya ji labarin ruwan. Larabcina na kasuwa ne amma na fahimci abin da ya isa. Bai tambayi ko ruwa ya shiga mana ba, bai tambayi mai ciki ba. Ya tambayi babban, ya tambayi ƙaramin, ya sake tambayar ƙaramin. Ɗana, namiji mai iyali, ya miƙe tsaye da maciji a ciki yana sunkuyar da kai ga waya, yana kiransa baffa da Larabci, yana cewa, "Lafiyarsu lau, ya ammi. A idona suke, ya ammi." Na juya masa baya don kada in ga fuskarsa, sai na tuna abin da ke bayan nawa.

Har aka kira magariba wuta ba ta dawo ba. Ladanin masallacin layinmu da bakinsa ya yi kiran, ba lasifika. Na ce a sauke mini abin nan in yi salla. Yaron ya ce yanzu ne sanyin ke ƙaruwa, in an sauke duk wahalar ta tashi a banza. 'Yar Cadi ta ce ai mace na salla da goyo, ba ta taɓa jin malamin da ya ware irin goyon ba. Na yi alwala da shi a baya.

Duk macen da ta taɓa salla da goyo ta san abin da ake yi kafin a tayar. Ana kwance zane a ja shi sama a ƙara tamkewa, a sake ɗaure majanyi, don kada yaro ya zamo ta kan uwarsa in ta yi sujada. Haka na yi. Ban yi tunani ba, ba abin tunani ba ne. Na goyi duk ƙannen yaron nan da wannan ɗaurin, har da wadda aka haifa bakwaini, ba wanda ko tari ya yi. Na ja, na tamke, na kabbarta.

A ruku'u na ji ya motsa da ƙarfi. A sujada ya ƙara. Na ce a raina ɗumi ne ya shige shi. Ina zaman tahiya na ji wani abu mai danshi yana bin bayana, sai wari ya taso, warin da ban taɓa jin irinsa ba. Na daure na sallame.

Yaron ya riga ya ji warin. Ya ajiye nasa, ya zo da fitilar wayarsa, ya shiga kwance majanyin da hannunsa yana kokawa da ƙullin. Da ya buɗe rigar matashin a kan tabarma, ɓeran jiya ya fito rabi a narke. Macijin yana kwance baki buɗe, wani wuri a tsakiyar jikinsa ya lotsa. Ya ɗan ja jiki sau ɗaya. Yaron ya sa shi cikin rigarsa, ya hura masa iska, ya shafa shi, yana kiransa da wani suna na Larabci. Kafin isha ya sandare.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da jiƙaƙƙen bango.

Ya ce, "Na ce miki shwayya. Kin ɗaure shi kamar buhun shinkafa."

Na ce, "Na ɗaure shi kamar ɗa."

Ya ce, "Ina na sani? Ni ban san ɗaurinki ba."

'Yar Cadi ta naɗe katifarta ta ce bari ta duba ko ruwan ya janye. Bai janye ba, a matakala ta zauna. Yarinyar ta fara kuka a hankali. Ba a jima ba wuta ta dawo, fitilun nan biyu suka kama, ɗaya a kan akwatin da ba komai ciki. Ya tashi ya mayar da babban wurinsa, ya rufe, ya shige ɗakinsu. Ni na fita madafi na wanke bayana da ruwan sanyi da sabulun wanki har fatar ta yi zafi.

Har yau ban yarda ɗaurina ne ya kashe shi ba. Halittar da sanyin Jidda ke kayarwa, wadda sai an kunna mata fitila take narkar da abin da ta ci, dama ba mai rayuwa ba ce. Shi ya ce ni ce, kuma bai sauya ba. Kafilin da ya dawo bai yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa da direba. Ya aiko aka ɗauki babban da akwatunan, ya karɓi makullin mota, takarda kuma ta mutu a aljihun yaron ba wanda ya sa mata hannu. Ya yi ta zirga-zirga neman wani kafilin bai dace ba. Bayan matarsa ta haihu ta yi arba'in aka fitar da su, su uku. Yanzu yana Damagaram yana jan motar haya, mutanen garin ubansa suna yi wa Hausarsa dariya. In ya bugo waya matarsa yake miƙa wa bayan gaisuwa.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin ranar, bayan sallar asuba, tun bai fito ba, na naɗe mushen a leda na sa a kwandon cefane, na zura abaya. Na bi gefen gidaje cikin taɓo har babban titi, na daɗe tsaye kafin in samu taksin da ya yarda ya ɗauki mai laka a ƙafa. Na san gidan, ya taɓa nuna mini daga cikin mota. Ban bi ta babbar ƙofa ba, na zaga ta baya inda masu aiki ke shiga, na ce ina son ganin uwargida.

Ta fito da rigar barci da kofin shayi a hannu. Na gaishe ta, na ce ni ce uwar direbansu. Na buɗe ledar ta leƙa ta ja baya. Na ce mata da Larabcina na kasuwa, a hannuna ya mutu, a bayana na ɗaure shi, yaron ba shi da laifi, ta taimaka ta faɗa wa maigida haka. Ban yarda da maganar ba, amma na faɗe ta, har na rusuna ina faɗa, ga mace da na girme wa nesa ba kusa ba.

Ta ce, "A bayanki? Kamar jariri?"

Na ce eh.

Ta yi dariya har shayin ya zube mata a hannu. Ta ƙwala wa mai aikinta kira ta ce ta zo ta ji, ta ce in sake faɗa, in nuna yadda na ɗaura. Ban nuna ba. Da ta gama ta share ido ta ce wallahi da na haɗa da babban da ta fi jin daɗi. Amma maganar maigida da dabbobinsa ba ta shiga, ko ita ba ta kai su a wurinsa ba. Ta sa aka ɗauko mini ledar tsofaffin kaya, ta ce in yi haƙuri, ya hajja, Allah karim.

Na ce to ina zan ajiye wannan, don maigida ya gani da idonsa, kada ya ce sayarwa aka yi.

Ta ce ba dai a gidanta ba.

Na ƙulle ledar na mayar cikin kwando. Kayanta na bar mata su a bakin ƙofa inda aka ajiye, na fita titi neman taksin komawa Mahjar.